Tuwon Gidan Ƙarshe

Asabar, 19 ga Agusta, ƙarfe 10:20 na safe

Wannan littafi na tasha ne, ragowar waɗanda muke rubuta shigowar jirgin ƙasa da fitarsa. Shekara talatin da ɗaya na yi ina wannan aiki a tashar Kaura kafin in ajiye, kuma hannun da ya saba rubuta lokaci ba ya iya zama haka nan. Na tarar da shi cikin akwatin da maiɗakina Maimunatu ta fito da shi a ka, ko gefensa bai jiƙe ba.

Shekaranjiya ne, Alhamis, bayan la'asar. Ba zan tsaya bayani ba, wanda ya gani ya gani. Gulbin Gagare ya shigo shiyarmu, ya kai mini ƙugu a tsakar gidana, bai janye ba sai hantsin Juma'a. Gida goma sha ɗaya sun rasa ɗakunan kwana, har da nawa. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Inna, mahaifiyata, wadda idonta ya tafi shekara shida ke nan, maƙwabcina Shu'aibu direba ne ya goyo ta ya fito da ita, tana yi masa faɗa wai ya bar mata takalmi.

Muna firamaren shiyarmu, mata aji biyu, maza aji ɗaya. Hedimasta Malam Misbahu ya buɗe mana bai jira takardar kowa ba, amma ya gaya mana gaskiya, ranar Litinin 18 ga Satumba yara za su dawo, dole a ba su azuzuwansu.

Rumbuna na nan tsaye. Shi kaɗai ya rage a shiyar, ana hango shi tun daga bakin titi.

Lahadi, 20 ga Agusta, ƙarfe 5:05 na yamma

An yi taro a ƙofar masallaci bayan azahar. Wasu suka ce a jira gwamnati, tun da yanzu jiharmu ce, Gusau ga ta nan kusa, ba sai an kai kuka Sakkwato ba. Abbati magini, wanda rabin katangun shiyar nan shi ya ɗora su, ya ce a jira ɗin, amma a jira ana kwaɓa ƙasa. Nan aka tsaya a kan gayya. Kowane gida za a tayar masa da ɗaki ɗaya mai kyau, gida bayan gida, kafin a koma makaranta.

Ka'idar gayya kowa ya san ta, ba yau aka fara ba. Mai gida shi ke fitowa ya kira, kuma shi ke ciyar da duk wanda ya zo, kunu da safe, tuwo da rana. Ba a biyan kowa, amma ba a kiran mutane su yi maka aiki da cikinsu. Wanda ya kira gayya babu tukunya a wuta, jikokinsa ma sai an yi musu gori.

Sai dai ga rumbuna goma suna kwance cikin laka. Ni kuwa na miƙe na ce duk gidan da ba shi da na tuwo ya zo ya ɗauki dami a rumbuna, kuma a sa gidana a ƙarshen layi. Aka yi ta kabbara. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wannan kabbara har cikin raina.

Na tuna wa Abbati bara, lokacin da na cike tsakanin duwatsun gindin rumbun da siminti na shafe shi har ƙirji saboda gafiya. Ya tsaya a kaina a ranar yana cewa rumbu ta ƙasa yake numfashi, in na toshe shi zan gani. Yau na ce masa, to, ga naka masu numfashi can sun kwanta, ga nawa mai toshewar hanci. Ya yi dariya ya ce Allah ya sa alheri.

Laraba, 23 ga Agusta, ƙarfe 1:40 na rana

Da damina tubali ba ya bushewa a fili. Na je tasha na roƙi yaran da na koya wa aiki su ba mu tsohuwar rumfar kaya, wadda tun da jirgi ya yi wuyar gani awaki ke kwana cikinta. Suka ce Baba ai taka ce. Yanzu can ake jera tubali, kuma ni ne mai tsara layi da lokaci. An ce na fi jirgin kansa takura wa mutane.

Gidan Hajiya Kulsumu mai ƙuli aka fara, tun da ba ta da miji kuma ɗiyanta na Legas. Dami biyu na sauko mata da su da hannuna. Mutum arba'in da bakwai suka zo. Sani mai ganga ya zo da gangarsa a rataye amma ya kasa bugawa, wai tun da aka ƙaddamar da Shari'a bai san wane kiɗa aka bari ba wane aka hana. Aka aika wa Liman. Liman ya ce shi ba a kawo masa ƙarar gangar aiki ba tukuna, kuma yau kunnensa ba ya ji sosai. Sani ya fahimta.

Ban taɓa ganin tela da mahauci da malamin asibiti suna tattaka laka ɗaya wando a naɗe ba sai yau.

Juma'a, 25 ga Agusta, ƙarfe 4:15 na yamma

Jiya kasuwar Shinkafi. Shu'aibu ya dawo motarsa cike da zana da tsohon kwanon rufi, babu fasinja ko ɗaya. Ya ce bai roƙi kowa ba, labari kawai ya bayar a 'yan hatsi, kafin ya gama shan fura an cika masa mota. Yau kuma ga amalanke uku daga Zurmi da azara, mutanen ko zama ba su yi ba, suka sha ruwa suka juya. Wani ya tambayi sunan wanda ya aiko, suka ce an hana su faɗi.

Mutanen ƙasar nan sai dai a bar su. In wani ya ce mini babu sauran mutunci a duniya, zan kawo shi rumfar tasha ya gani.

Gida uku an gama. Dami bakwai na fitar zuwa yau. Rumbu na nan tsaye.

Talata, 29 ga Agusta, ƙarfe 11:00 na safe

Na hau tsani da kaina don in sauko da na gidan Muhtari tela. Na ɗaga sahun sama. Na ɗaga na ƙarƙashinsa.

Na daɗe a kan tsanin.

Na sauko da dami biyu masu kyau, su ne na ƙarshe masu kyau. Na mayar da murfi na danne shi da dutse. Tsanin kuma na kai shi bayan gida na kwantar.

Talata, ƙarfe 3:30 na yamma

Siminti ba ya barin ruwa ya shiga da sauƙi. In ya shiga kuma ba ya barinsa ya fita. Wannan ban yi tunaninsa bara ba.

Alhamis, 31 ga Agusta, ƙarfe 2:10 na rana

Allah ya taimaka, sauran gidajen 'yan'uwansu na ƙauye sun fara kawo musu sabon gero, tun da na kan tudu ya nuna. Babu wanda ya sake zuwa neman dami. Ni gonata a bakin gulbi take, na je na duba, yashi ne shimfiɗe har inda ido ya kai.

Maimunatu ta ce in sauko mata da ɗan gero ta kai tukunyar makaranta, kada a ce kullum ci muke ba mu zubawa. Na ce tsani ya karye. Ta dube ni, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ci gaba da tsintar wake. Shekara talatin da takwas muna tare, na san wannan kallo.

Asabar, 2 ga Satumba, ƙarfe 9:45 na safe

Gida shida. Rumbu na nan tsaye.

Litinin, 4 ga Satumba, ƙarfe 5:20 na yamma

Na yi faɗa da Abbati a rumfar tasha. Na duba layin tubali na ga sun wuce abin da sauran gidaje huɗu ke bukata nesa ba kusa ba, ga shi yana sa mutane suna ƙara bugawa. Na ce masa wahalar da jama'a yake yi, gidana ba a kai gare shi ba, kuma in an kai ni zan ce ga yawan da nake so. Ya ce tubali ba ya ruɓewa. Ban san me ya sa kalmar ta soke ni ba. Na yi masa magana mai zafi a gaban yaransa, shi kuwa ya girme ni da shekara biyar.

Da yamma na je na ba shi haƙuri. Na so in ƙara wata magana, har na buɗe baki. Sai ya tambaye ni ko ƙarfe nawa, na gaya masa, na taho.

Laraba, 6 ga Satumba, ƙarfe 12:30 na rana

Na shiga ajin mata gaida Inna. Tana zaune ƙarƙashin allo, inda aka rubuta bakwai sau takwas tun kafin hutu. Ta kama hannun rigata ta sunsuna.

"Nasidi, tsamin mi nika ji ga rigakka?"

Na ce laka ce, Inna.

"Laka ba ta wanga wari. To, yaushe za mu gida?"

Na ce an kusa. Na kawo mata shawarar ta tafi Zurmi wurin ƙanwata ta huta wata biyu, Shu'aibu zai kai ta har ƙofa. Ta saki rigar. Ta ce a gidan nan aka kawo ta tana da shekara goma sha bakwai, daga nan aka ɗauki Malam, mahaifina, zuwa makwancinsa, ita ma daga nan za a ɗauke ta, in kuwa na gaji da ita in faɗi. Matan ajin duk suka sunkuyar da kai kamar ba su ji ba.

Saura kwana goma sha biyu.

Juma'a, 8 ga Satumba, ƙarfe 3:50 na yamma

Bayan an sauko daga Juma'a wani baƙo daga Sakajiki ya nuna rumbun daga titi, ya ce wane mai sa'a ne wannan. Aka ce na Malam Nasidi ne, wanda ya ciyar da gayyar gida biyar. Ya zo ya kama hannuna da hannu biyu yana sa albarka. Na amsa amin.

Wani abu kore ya fara leƙowa ta tsagar da ke gefen gabas na rumbun. Na tsige shi.

Lahadi, 10 ga Satumba, ƙarfe 10:00 na safe

Ya sake fitowa.

Litinin, 11 ga Satumba, ƙarfe 4:40 na yamma

Yau aka ɗora rufin gida na goma. Jama'a suka wanke ƙafa, aka yi addu'a, sai aka yi tsaye ana jira. Na san abin da ake jira. Nan ne ya kamata in fito in ce jama'a gobe gidana. Na duba agogo, na ce bayana ya riƙe, a bari tukuna sai na yi magana. Aka watse.

Bari in rubuta shi sau ɗaya, tun da littafin nan ba ya da baki. Ba ni da abin da zan ciyar da mutum biyar, balle hamsin. Ni da na tsaya a ƙofar masallaci na ce kowa ya zo ya ɗiba, ba zan koma ƙofar nan in ce a tara mini ba. In kuma na kira su suka zo suka yi yini babu tuwo, gara gulbin ya tafi da ni. Ranar Litinin kuwa za a fitar da Inna daga ajin nan, ban san inda zan kai ta ba.

Talata, 12 ga Satumba, ƙarfe 1:15 na rana

Na fara kwaɓa ƙasa ni kaɗai tun bayan asuba. Zuwa azahar na tayar da abin da bai kai gwiwa ba, kuma ya karkace. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na sha faɗa wa mutane haka cikin makonnin nan, ashe ban taɓa gwadawa ba. Shu'aibu ya leƙo ta katanga ya ce sannu da aiki, na ce motsa jiki nake yi saboda bayan. Ya ce haka likitoci ke cewa.

Laraba, 13 ga Satumba, ƙarfe 6:00 na yamma

Ban fita daga tsakar gidana ba. Maimunatu ta kawo mini tuwo daga makaranta, ta zauna har na cinye. Da za ta tafi ta ɗauki turminmu da ruwa ya bari, ta ce za a ara.

Alhamis, 14 ga Satumba, ƙarfe 5:35 na yamma

Zan rubuta wannan a tsanake, kada in bar komai.

Ƙarfe bakwai saura kwata ina zaune kan dutse a tsakar gida ina duban katangata mai karkata, sai na ji ganga. Na ɗauka wani wuri ne. Sai ga motar Shu'aibu ta yi baya-baya har ƙofata cike da tubali, yau Alhamis, ranar da bai taɓa fashin kasuwar Shinkafi ba ko da zazzaɓi. Bayansa Abbati da yaransa, bayansu Muhtari tela, da hedimasta da hularsa, da Liman, da mutanen da ban ma san sunansu ba. Na daina lissafi a sittin.

Na tare ƙofa. Na ce jama'a ku yi haƙuri, ban kira ba.

Abbati ya sauke kwandonsa ya ce, "Wa ya ce ka kira? Gidan ƙarshe ba shi kira."

Na matsa kusa da shi na rage murya, na ce Abbati, don Allah, ba a ɗora tukunya ba.

Shi kuwa bai rage tasa ba. "Gidan ƙarshe ba shi dahwa tuwon gayya, Malam Nasidi. Waɗanda anka gina ma, su ka ciyarwa ranar. Al'ada ta. Haka munka iske ta ga iyayenmu."

Na ce shekarata sittin da uku a garin nan, ban taɓa jin wannan al'ada ba.

"Kana can tasha kana jiran jirgi, ina za ka ji ta?"

Aka yi dariya. Na juya wurin Liman, don shi ba zai yi mini wasa ba, balle a shekarar da kowa ke auna maganarsa kafin ya faɗa. Na ce Allah gafarta malam, akwai wannan? Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce shi dai bai ga inda ta saɓa wa littafi ba, kuma rana na yi.

Na kauce daga ƙofar.

Ban yi aikin kirki ba yau, duk inda na sa hannu sai a ce in je in kula da lokaci. Katangata ta shekaranjiya Abbati ya sa ƙafa ya ture ta, bai ko dube ni ba. Tubalan nan da na yi masa faɗa a kansu, su aka jera, kuma ko ɗaya bai yi saura ba. Da hantsi kunu ya zo. Da azahar sai ga mata a jere daga makaranta, kowane gida da akushinsa, gida goma, Hajiya Kulsumu a gaba, Maimunatu a tsakiyarsu da ƙwaryar miya a ka. Aka zuba mini nawa. Na ci, amma ban ga abin da nake ci ba sosai.

Kafin la'asar katanga ta kai inda za a ɗora azara.

Juma'a, 15 ga Satumba, ƙarfe 11:25 na safe

An ɗora rufi. An hura wuta a ciki don ya bushe.

Na tambayi Maimunatu ko ita ta faɗa musu halin da rumbun ke ciki. Ta ce ita ba ta faɗa wa kowa ba, ba a kuma tambaye ta ba. Ta ce tun farkon watan nan duk wanda ya bi ta lungunmu sai ya toshe hanci, har Hajiya Kulsumu ta daina shanya ƙuli a wannan gefen. Yara sun so su yi magana aka kwaɓe su. Na ce to me ya sa babu wanda ya ce mini komai? Ta ce, Malam, kai ka ce musu?

Ashe mako biyu ina tsige tsiro ina ɓoye tsani, shiya guda tana kallona tana gaishe ni.

Asabar, 16 ga Satumba, ƙarfe 2:00 na rana

Na je da kaina na kira Abbati, na ɗauko tsani daga bayan gida a gabansa. Muka buɗe rumbun. Ba zan kwatanta ba. Amalanke huɗu aka kwashe, Muhtari ya ce a kai gonarsa taki ne mai kyau, in dawa ta zo a raba. Abbati ya sa guduma ya fasa simintin gindin, ruwa baƙi ya yi ta fita. Ina tsaye ina jiran ya ce ai na gaya maka. Na ma shirya amsa. Sai ya ce duwatsun ƙasan masu kyau ne, wanda ya zaɓo su ya san dutse.

Lahadi, 17 ga Satumba, ƙarfe 4:50 na yamma

Mun share azuzuwa mun mayar wa Malam Misbahu mabuɗansa, saura kwana ɗaya wa'adi ya cika. Shu'aibu ya so ya kawo Inna a mota, ta ce da ƙafarta za ta shiga. Ta shafa bangon tun daga ƙofa har kusurwa, ta ce akwai sauran danshi, kuma an matsar da ƙofar taki ɗaya daga inda Malam ya sa ta. Sannan ta sa aka shimfiɗa mata tabarma, ta yi barci kafin la'asar.

Na tambaye ta da ta farka, don ita ta fi kowa shekaru a shiyar nan. Na ce Inna, a zamaninku akwai al'adar cewa gidan ƙarshe ba ya dafa tuwon gayya? Ta ce ba ta taɓa ji ba. Sannan ta ce amma wanda ya faɗe ta ɗan halak ne.

Saura shafi biyu littafin ya cika. A tasha, abin da aka shigar a littafi ya zauna ke nan, wanda ya karɓi aiki bayanka da shi zai yi aiki. Don haka ga shi, da kyakkyawan rubutu, domin wanda zai zo bayanmu:

A shiyarmu, in an yi gayya gida bayan gida, gidan ƙarshe ba ya kira kuma ba ya dafawa. Waɗanda aka gina wa su ke zuwa da tuwo. Haka muka tarar.

Nasidi, tsohon ma'aikacin tasha, Kaura Namoda.